Ba a Yi wa Girgije Zanga-Zanga

A 'yan shekarun nan, da wuya a yi taro kan yunwa ko rashin tsaro a Arewa a tashi ba a ɗora wa sauyin yanayi laifi ba. Gwamna zai faɗa, minista ya maimaita, wakilin ƙungiyar agaji ya fito da taswirar Tafkin Chadi ya nuna yadda ya janye. Ni ban ce ƙarya suke yi ba. Manomin Gumel ko na Illela ya riga su sanin cewa damina ta sauya hali. A yi shuka da ruwan farko, ya ɗauke har tsiro ya ƙone, a sake binne iri, sannan a watan Agusta ya zubar a dare ɗaya abin da ya kamata ya zubar a wata guda, ya tafi da gona da katangar gida. Wannan ba sai an kira taro a otal ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda maganar ta zama wurin fakewa. In laifin na sama ne, to babu wanda za a tsare da tambaya a ƙasa.

Fari da ambaliya suna rage abinci, wannan babu musu. Amma a ganina ba su ke fito da mutane kan titi ba. Mutanenmu sun daɗe da sanin abin da ake yi in ruwa ya ƙi. A fita bayan gari sallar roƙon ruwa, a yi sadaka, a sayar da akuya, maza su tafi cin rani, mata su koma wa tafasa da rama da zogale har Allah ya kawo sabon gero. Ba a taɓa jin wanda ya ɗauki kwali ya je yi wa girgije zanga-zanga ba. Yunwar da talaka ya ɗauka ƙaddara ce, yana karɓarta da irin haƙurin da har yakan ba mutum tsoro. Wadda ba ya iya haɗiyewa ita ce wadda ya hangi hannun mutum a cikinta, balle in mai hannun a ƙoshe yake yana ce masa ya ƙara haƙuri.

Farin da ya afka wa Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974 bai zaɓi ƙasa ba. Ya karkashe dabbobi tun daga Muritaniya har Chadi, amma ba kowace gwamnati ya tafi da ita ba. Senghor na Senegal ya ci gaba da mulkinsa. A Nijar kuwa, ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, babbar hujjar da sojoji suka kafa kuma ita ce abincin agajin da ƙasashen waje suka aiko yana maƙalewa a hannun manya, ana cinikinsa, alhali makiyayan da suka rasa garkensu suna zube a sansanonin bayan gari. A wannan shekarar dai a Habasha, fadar Haile Selassie ta yi ta rufa-rufa kan yunwar lardin Wollo. Daren da za a tuɓe shi a watan Satumba, sojoji suka sa a talabijin hotunan masu mutuwa da yunwa, ana tsarma su da hotunan sarki a wurin liyafa. Sun san abin da suke yi. Da yunwar kaɗai suka nuna, tausayi mutane za su ji. Liyafar da aka ajiye a gefenta ce ta mayar da tausayin fushi.

Bayan shekara goma fari ya dawo, a 1984, ya kuma dace da lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya. Hatsin da ya saba haurawa daga Kano da Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram ya tsaya cak. Har yau in dattawan can suna lissafin shekarun yunwa, El-Buhari suke kiran waccan. Ruwa ne bai sauka ba, amma wanda ya rufe ƙofa suka riƙe a zuci.

Sudan ma haka. Ranar 19 ga Disamba 2018 mutanen Atbara suka fito saboda burodin fam ɗaya ya koma fam uku, suka banka wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta. Kafin tsakiyar Afrilu 2019 Omar al-Bashir ya sauka, bayan shekara kusan talatin. Ba damina ce ta ninka kuɗin burodin ba. Gwamnatin da ta rasa mafi yawan man feturinta tun ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ce ta kasa samun dalar sayo alkama, ta kuma ƙi rage wa jami'an tsaro nasu kason.

Mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi mini zafi.

Ambaliyar 2022 babba ce. Ta kashe mutum fiye da 600, ta raba fiye da miliyan da muhallinsu, ta cinye gonaki daga Jigawa har Kogi da Anambra. Amma ba a ga tarzoma a kanta ba. Daminar 2023 kuwa ko kusa ba ta kai ta 1973 muni ba, sai ga shi bayanta ne aka shiga tsadar da wannan ƙarni na 'yan Najeriya bai taɓa gani ba. Me ya faru a tsakani? Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma ke bayarwa a wajen 460 ta wuce 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024.

Wanda bai san yadda hatsi ke zuwa tukunya ba zai ce mene ne haɗin fetur da tuwo. Haɗin kuwa a kowane mataki yake. Mai noman rani a Kura ko fadamar Haɗejia da fetur injinsa na ban-ruwa ke aiki. Babur ɗin da ke fito da buhu daga gona fetur ne, motar da ke kawo shi kasuwar ƙauye fetur ce, injin niƙa ma mai yake sha. Taki da maganin feshi dala suke bi, fulawa kuma da alkamar waje ake yinta. Sannan ga wani abu da ba a cika faɗa ba: da naira ta faɗi, mai riƙe da sefa ya wayi gari masarar Najeriya ta zama masa araha, sai hatsi ya fara bin hanyar iyaka, duk da cewa a takarda an rufe ta da Nijar saboda takunkumin ECOWAS. Zuwa Yunin 2024, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

Alƙaluma ba sa nuna yadda abin yake a gaban mai awo. Matar da ta saba cewa a auna mata kwano sai ta koma rabi, daga rabi ta koma gwangwani, tana magana ƙasa-ƙasa kada ta kusa da ita ta ji. Man gyaɗa ya koma na ƙulli a leda. Afafata, tarkacen shinkafar da injin casa ke fitarwa, wadda a da kifi da kaji ake zuba wa, ta zama abin da ake layi a kai, ita ma har ta yi kuɗi. Magidanci ya riƙa sulalewa daga masallaci bayan Asuba ba tare da ya koma gida ba, don ba shi da amsar "Malam, me za a ɗora?" Irin wannan mutum bai karanta wani rahoto ba, amma ya san ranar da abin ya fara, ya kuma san bakin da ya furta kalmar.

A farkon Fabrairun 2024 mata masu gurasa suka fito a Kano kan kuɗin fulawa. Ranar 5 ga watan mata da matasa suka tare hanya a Kpakungu da ke Minna. A watan Maris aka fasa wani rumbun gwamnati a gefen Abuja, aka fara tare motocin abinci a kan hanya ana wawashewa. Waɗannan duk gargaɗi ne, kuma mata ne suka fara yinsa, su da tukunya ke gabansu. Amsar da aka bayar ita ce kame, da zargin cewa 'yan adawa ne ke zuga mutane, da alƙawarin fito da tan 42,000 na hatsi, wanda in aka raba wa mutum sama da miliyan 200 ko rubu'in kilo kowa ba zai samu ba. A Kano hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha ta je kasuwar hatsi ta Dawanau ta garƙame wasu ɗakunan ajiya bisa zargin ɓoye abinci. Jama'a sun yi tafi, kuma na fahimci dalili, tun da ba a manta da Oktoban 2020 ba, lokacin da aka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Legas aka tarar da kayan tallafin korona jibge. Amma ɗan kasuwar Dawanau ba shi ya karya naira ba.

Wani zai ce ai tallafin mai dole ne a cire shi, kuma manyan 'yan takara ukun nan na 2023 duk sun yi alƙawarin cirewa. Gaskiya ne. Tallafin ya zama rijiyar da 'yan tsiraru ke sha, na yarda. Inda na rabu da masu wannan magana shi ne a kan abin da ya biyo baya. An ce wa talaka ya ɗaure ciki, sai ya ga a cikin wannan shekarar ana saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, kowace an ce ta haura naira miliyan 100. Kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafin, shi kuma abin da ya iso unguwarsa mudun shinkafa ne da kansila ya raba wa 'yan jam'iyya. Mafi ƙarancin albashi bai koma naira 70,000 ba sai Yulin 2024, bayan fiye da shekara, kuma mai tura baro da mai faci ba su cikin lissafin.

Sai ga 1 ga Agusta 2024. Abin da aka shirya a matsayin zanga-zangar ƙasa baki ɗaya kan tsadar rayuwa, a Arewa ya fi ƙamari: Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Borno, Yobe, har sai da aka sa dokar hana fita a wurare da dama. Akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu a nan. Kafin ranar, an tara malamai da sarakuna an roƙe su su hana, suka kuma hana, daga mumbari zuwa rediyo. Ƙungiyar ƙwadago ta tsame hannunta. Duk mai gemu da mai mutuncin da zai iya tsayawa gaban taro ya ce "iya nan za mu tsaya" ya zauna a gida. Yunwa kuwa ba ta ji huɗubar ba. Waɗanda suka fito yara ne da matasa, babu jagora, babu takardar buƙatu, sai "ba ma yi". Taron da ba shi da shugaba, ɓata-gari ke zama shugabanninsa. Haka aka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC a Kano wadda ko buɗe ta ba a yi ba, aka fasa shagunan mutanen da su ma tsadar ke cinsu. Ba zan wanke wannan ba, sata ce. Amma garin da ya haifi jam'iyyar NEPU, inda talakawa suka yi shekaru suna kokawa da haraji da jangali cikin tsari har gwamnatin PRP ta soke su a 1979, ya wayi gari ba shi da wata jam'iyya ko ƙungiya da mai jin yunwa zai kai kukansa. Wannan giɓin ba rana ce ta haƙa shi ba.

Tutar Rasha da yaran suka ɗaga ta ba gwamnati abin da take nema, wato hannun waje. Aka kama har da telolin da suka ɗinka. Ni ban ɗauka yaron da ke yawo da silifa ɗaya a titin gidan Zoo ya san inda Mosko take ba. Abin da ya sani shi ne a maƙwabta sojoji sun kori farar hula ana ɗaga wannan tuta, kuma in ya ɗaga ta manya suna jin haushi. Abin tsoron a nan shi ne yaron da aka haifa bayan 1999, bai taɓa ɗanɗana mulkin soja ba, yana kiran soja su zo. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, 'yan sanda sun musanta. Kwanaki kaɗan bayan an lafa, shugaban ƙasa ya hau sabon jirgin fadar da aka saya ya tafi Faransa. Ranar 1 ga Nuwamba kuma aka gurfanar da yaran a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan wata kusan uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje. Sai da hoton ya zaga duniya aka ba da umarnin sakinsu.

Duk wannan labarin birni ne. Ƙauye ba ya zanga-zanga, don babu kyamarar da za ta ɗauka. Fushinsa daji yake shiga, kuma a nan ne masu maganar sauyin yanayi suka fi kusa da gaskiya, a nan ne kuma suka fi yin tsallake. E, ciyawa ta ragu, tafkuna na ƙafewa da wuri, makiyayi na gangarowa kudu kafin manomi ya kwashe amfaninsa. Amma saɓanin manomi da makiyayi ya girmi kakanninmu, kuma akwai yadda ake kashe shi: burtali, makiyaya, mashaya, da zaman ardo da dagaci a kimanta ɓarna a biya. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Wa ya nome burtalin? Wa ya yanka dazukan kiwo ya raba wa manya gonaki? Wane ne ke tsare Bafulatani a caji ofis sai ya sayar da saniya, in ya je kotu a sake tatsarsa? Wa ya bar 'yan sa-kai suna yanka mutum a tsakiyar kasuwa don kamanninsa, sannan ya bar 'yan bindiga suna ƙone gari sukutum don ramuwa? Hamada na matsowa a Yobe da Jigawa fiye da yadda take yi a kudancin Zamfara da Birnin Gwari, inda ruwa ke sauka sosai, amma a can dajin mai duhu ne bindiga ta yi sansani. Tafkin Chadin da ake nunawa a taswira kuwa, mafi yawan janyewarsa a shekarun 1970 da 1980 ya yi ta. Boko Haram a cikin birnin Maiduguri ta tashi, ta kuma rikiɗe bayan kashe shugabanta a hannun 'yan sanda a 2009.

Daga nan abin yake juyowa ya ci kansa. Manomin da ɗan bindiga ya sa wa haraji kafin ya yi shuka, ya sake sa masa kafin ya girbe, ko dai ya bar gonar ko ya ɗora kuɗin a kan buhu. Manoman shinkafa na Zabarmari da aka yi wa yankan rago a gona a Nuwamban 2020, gommai a rana guda, saƙo ne ga duk mai niyyar yin nisa da gari da fartanya. Gonakin da suka fi albarka su ne na nesa, su aka bari. Mai gonar ya dawo birni yana kwana a kango, ya tashi daga mai sayar da hatsi ya koma mai saye, ɗansa kuma ya shiga cikin yaran da za su fito ran da aka sake kira. Rashin tsaro na kawo tsada, tsada na samar wa daji sababbin ma'aikata, domin saurayin da ba shi da abin karin kumallo ba shi da wuyar saye da kuɗin kai wa 'yan bindiga fetur ko burodi.

Ko ambaliyar ma da muke cewa daga Allah take, a duba da kyau. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye wani babban ɓangare na Maiduguri. Ruwa ya yi yawa a shekarar, gaskiya ne. Amma madatsar ta taɓa yin haka a 1994, kuma mazauna kusa da ita sun yi ta kukan cewa ta lalace. Shekara talatin ke nan tsakani. Kusan duk shekarar da Kamaru ta saki ruwan madatsarta ta Lagdo sai an tuna cewa Najeriya ta yi niyyar gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa don tare shi, tun shekarun 1980, har yau ba a gama ba. In dai da gaske masu mulki suka yarda yanayi ya sauya, to aikinsu ƙaruwa ya yi. Wanda ya san ruwa zai riƙa zuwa da hauka shi ya fi kowa wajabcin gyara madatsa tun da rani.

Daga baya an samu sauƙi. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150 a 2024, aka kuma samu amfani mai kyau, farashin hatsi ya sauko a 2025, birni ya ɗan numfasa. Sai kukan ya koma gona. Manomin da ya sayi taki da tsada ya tarar buhun masara ɗaya ba ya sayen buhun taki ɗaya, da yawa suka ce sun haƙura da masara da shinkafa, sun koma dawa da riɗi da waken suya waɗanda ba sa cin taki. Wato ana shuka tsadar baɗi tun bana. Maganin wannan ba sabon abu ba ne, kowane mai rumbu ya san shi: a saya da kaka da farashin da manomi zai fita, a adana, a fito da shi tsakiyar damina lokacin da rumbun talaka ya ƙare. Nijar, duk da talaucinta, tana da hukumar OPVN da ke wannan aiki, tana sayar da cimaka da rahusa in abu ya yi tsanani. Mu kuwa muna da manyan rumbunan ƙarfe da aka kashe biliyoyi aka gina a jihohi, da yawansu an ba 'yan kasuwa haya, kuma babu wata doka da ta tilasta wa minista ko gwamna ya fito duk wata ya faɗa wa jama'a buhu nawa ne a ciki.